Kwayil ne ko ba kwayil ba? Kayan gwajin da kanikawan tsofaffin motoci ke buƙata a yankin Fagam

A kakar bara na shiga wata akori-kura ƙirar Peugeot 504 daga Gwaram zuwa Fagam. An lafta mata buhunan riɗi da na gero, mu uku a gaba, wasu matasa a saman kaya. Ba mu yi nisa ba inji ya soma tari, ya fizga sau biyu, ya mutu.

Direban ko gezau bai yi ba. Ya buɗe bonet, ya jiƙa tsumma da ruwan jarka, ya naɗe wani ƙarfe mai kama da gwangwanin lemo da ke maƙale a gefen injin. Muka zauna a inuwar tsamiya kamar minti 20. Da ya murza makulli sai motar ta tashi kamar ba ita ba. Sau uku muka yi haka kafin mu isa.

Wancan ƙarfen shi ne kwayil, kuma a cewar direban shi ne na uku da ya saya tun farkon damina. Duk garejin da ya je, sai a zare wayar fulogi, a kara ta a jikin inji, a dubi tartsatsi, a ce masa: "Oga, kwayil ne." Ya saya, a ɗaura, motar ta yi kwana biyu lafiya, ciwo ya dawo.

Bayan makonni na sake haɗuwa da shi a Birnin Kudu, a wajen wani dattijon rewaya. Dattijon ya ɗauko mita, ya auna, ya bi wayoyi da hannu, sannan ya buɗe distiributa. Abin da ya gano kashi biyu ne. Tun asali kwandensa ce ta gaji, ɗan ƙaramin abu da bai kai babban yatsa ba. Sannan kwayil na ukun da aka saka irin wanda ke tafiya da razista ne, ga shi babu razista a motar, shi ya sa yake ɗaukar zafi yana ƙona kwantak. Kwayil na farko da aka cire, wanda direban ya jefa ƙarƙashin kujera, lafiyarsa ƙalau.

Wannan ne ya sa na bi diddigin tambayar: da wane kayan aiki ake gane lafiyar wutar tsohuwar mota, kuma wanne ya kamata bakanike mai ƙaramin jari ya fara saya?

Motocin da suka ƙi mutuwa

A Turai da Amurka, motar da ta shekara 40 ko 50 abin ado ce. Ana ajiye ta a ɗaki, a goge, a fito da ita ranar baje koli. A ƙasar Gwaram da Birnin Kudu kuwa, mota mai irin waɗannan shekaru ita ce ke kwaso hatsi daga gona, ta kai awaki kasuwar Sara, wani lokacin ma ita ce motar ɗaukar mai naƙuda zuwa asibiti cikin dare.

Peugeot 504 ta fito a Faransa a 1968. Kamfanin Peugeot na Najeriya, wato PAN, ya fara haɗa motoci a Kaduna a 1975, kuma ya ci gaba da fitar da 504 har cikin shekarun 2000, bayan an daɗe da daina yin ta a Turai. Yayarta 404 ta girme ta, domin tun 1960 take. A wancan zamanin ana haɗa Volkswagen a Legas, manyan motocin Fiat a Kano, Steyr a Bauchi. Mafi yawan waɗannan motoci sun tafi wajen 'yan gwangwan, amma akori-kura ta ƙi tafiya, saboda ƙarfin ƙafarta a hanyar burji da kuma sauƙin gyaranta.

Matsalar ita ce masu gyaran ne ke ƙarewa. Yaron da ya shiga gareji yau, burinsa ya mallaki na'urar nan da ake jona wa mota ta faɗi ciwonta a fuskar waya. Wannan na'ura tana aiki ne da tsarin da aka wajabta wa motoci a Amurka daga 1996, sauran ƙasashe suka bi baya. Tsohuwar 504 mai kafireta ba ta da ramin da za a jona ta, ba ta da kwamfuta a ciki. Babu abin da za ta gaya wa na'urar.

Ga kuma tsadar mai. Tun daga ranar 29 ga Mayun 2023 da aka janye tallafi, litar fetur da ake saya ƙasa da Naira 200 ta haura 500, daga baya ta tsallake 1,000. Motar da wutarta ba ta kan daidai tana shan mai fiye da ƙima, kuma a aljihun manomin da ya yi hayar ta abin yake ƙarewa.

Yadda wutar ke tafiya

Batirin mota volt 12 ne kacal. Bakin fulogi kuwa yana buƙatar dubban volt kafin wuta ta tsallaka ta kunna man da fistin ya matse. Aikin kwayil shi ne wannan ɗaukaka.

A cikinsa akwai naɗin waya iri biyu a kan ƙarfe guda. Na farko waya ce mai kauri, naɗi 'yan ɗaruruwa. Na biyu siririya ce kamar gashi, naɗi dubbai. Idan wuta ta bi ta na farko, ƙarfen yakan zama maganaɗisu. Da zarar an yanke wutar farat ɗaya, sai ƙarfin maganaɗisun ya rushe, ya haifar da wuta mai ƙarfin volt 15,000 zuwa sama da 20,000 a naɗi na biyu. Ita ce ke bi ta distiributa zuwa fulogin da lokacinsa ya yi.

Mai yanke wutar shi ne kwantak, wasu 'yan ƙarafa biyu da ke buɗewa suna rufewa a cikin distiributa. Kwandensa kuma tana tsaye kusa da shi, tana shanye wutar da za ta yi tsalle a bakinsa, don yankewar ta zama mai kaifi. Idan ta lalace, kwantak zai ƙone, tartsatsin fulogi ya yi rauni, kuma alamomin ba su da maraba da na mataccen kwayil.

Wani injiniya Ba'amurke mai suna Charles Kettering ne ya tsara wannan hanya wajen 1910, a kamfaninsa na Delco. Sunan ya bi abin har yau: a bakin masu Faransanci, ciki har da kanikawan Maraɗi da Damagaram, distiributa sunanta delko.

Abin lura a nan shi ne, a mota irin 504 babu wani kusa ko noti a jikin kwayil da ake juyawa. Idan bakanike ya ce zai saita wuta, abu biyu yake saitawa: tsawon lokacin da kwantak ke rufe yana ciyar da kwayil, da kuma daidai lokacin da yake buɗewa. Kayan gwajin da za a saya dole su amsa waɗannan tambayoyi biyu, su ƙara da ta uku: shin kwayil ɗin da ke kan motar nata ne?

Gwajin ido yana yaudara

Gwajin da kowa ya sani shi ne na kara waya a jikin inji. Idan wuta ta yi shuɗi ta yi ƙara, a ce lafiya. Idan ta yi ja-ja, a ce kwayil ya mutu.

Gwajin yana da amfani, amma rabin labari yake bayarwa. A sararin iska, wuta na buƙatar kimanin volt 3,000 don ta tsallake milimita ɗaya. Ke nan kwayil da ya kusa mutuwa ma zai iya tsallake bakin fulogin da aka ciro aka ɗora a kan inji. A cikin silinda kuwa, inda fistin ya matse iska ninki takwas ko fiye, wannan ɗan tsallaken yana neman ƙarfi mai yawa. Shi ya sa za ka ga wuta a waje, a mayar da fulogi, mota ta ƙi jan kaya a hawa.

Launin ma ba abin dogaro ba ne. Tartsatsin da ka gani shuɗi a cikin rumfa da yamma, da tsakar rana a fili da ƙyar za ka gan shi. Kuma ko da wutar ta yi rauni da gaske, gwajin bai faɗa maka wane ne mai laifi ba: kwayil, kwandensa, kwantak, batir, ko wata waya da ta ci tsatsa.

Darasi daga Ford ta katako

Wannan gardama ba a garejinmu ta fara ba. Motar Ford Model T, wadda aka ƙera fiye da miliyan 15 daga 1908 zuwa 1927, kwayil huɗu gare ta, kowace silinda da nata, kowanne a cikin ɗan akwatin katako. A saman kowane akwati akwai kwantak mai karkarwa, kuma shi wannan ana saita shi da hannu, ta hanyar ƙara wa ƙarfensa tauri ko sassauta shi.

Hanya mai sauƙi ita ce a jona akwatin da batir, a ji yana kuka kamar zuma, a ga yana feshin wuta, a ce ya yi. Amma idan aka saka huɗun a mota, sai a tarar wani yana riga wani harbawa, wani kuma yana harbi biyu a maimakon ɗaya, inji yana ta girgiza. Don haka garejin Ford na wancan zamani suka riƙa amfani da wata na'ura mai hannun juyawa, wadda a cikinta akwai irin maganaɗisun da ke ba motar wuta. Ana juyawa, ana duba mita har ta tsaya a amp 1.3, ana kuma kallon wani zobe da ke nuna ko kowane harbi ɗaya ne tak.

Masu tara waɗannan motoci a Amurka har yanzu suna ja-in-ja. Wasu sun riƙe na'urar hannu ta kakanni. Wasu sun koma na'urorin lantarki na zamani da ke auna tsawon lokacin da kwayil ke ɗauka kafin ya harba, su saita huɗun su zo daidai. Amma ɓangarorin biyu sun haɗu a kan cewa jin kuka da ganin wuta a kan tebur ba ya wadatarwa. Na'urar da ta fi ita ce wadda ke gwada kwayil a irin halin da zai yi aiki a cikin mota. Wannan ma'auni shi ne zan bi a nan.

Abin da za a fara saya

Na farko ba saya ake yi ba, haɗawa ake yi: fitilar gwaji. Ƙaramin ƙwan fitilar mota, waya biyu, da ɗan maƙali. Da ita za ka san ko wuta na isowa kwayil idan an buɗe makulli. Idan ka jona ta tsakanin ƙafar kwayil mai zuwa distiributa da jikin inji, aka murza kik, ya kamata ta riƙa ƙyaftawa. In ta tsaya a kunne, kwantak ba ya rufewa ko ya yi datti. In ta ƙi kamawa sam, ko dai kwantak ba ya buɗewa, ko wata waya ta taɓa jiki, ko naɗin farko ya tsinke. Da ita kuma ake saita tayimin mota a tsaye: a juya inji da hannu har alama ta zo daidai, a murza distiributa har fitila ta kama. Tsofaffin kanikawa da takardar sigari suke yin wannan, su maƙala ta a bakin kwantak su ja a hankali, inda ta saki nan ne ya buɗe.

Na biyu shi ne fila geji, 'yan siraran ƙarafan nan masu lamba da ake auna tazara da su. Bakin kwantak na 504 da na Volkswagen Beetle milimita 0.4 ne. Ido ba ya auna wannan, farce ma haka.

Na uku shi ne ma'aunin tartsatsi, wani ɗan bututu mai kusa a ciki da ake matsarwa ko a nesanta. Shi ne gyararren gwajin kara waya. Kana iya buɗe tazarar zuwa milimita 6 ko sama, ka tilasta wa kwayil ya nuna ƙarfinsa na gaske, kuma gobe ka maimaita a tazara guda. Rewaya mai dabara zai iya haɗa nasa da tsohon fulogi da aka yanke wa ƙugiya. Yana kuma raba hannunka da wutar, wanda duk yaron garejin da ta taɓa fizga ya san darajar hakan. A kula kada a yi gwajin kusa da kafiretar da ke yoyon mai.

Waɗannan uku, in aka haɗa kuɗinsu, da wuya su kai na kwayil ɗaya.

Mita, da inda take ƙarya

Na huɗu ita ce mitar lantarki, kuma a nan ne ya kamata a tsaya a yi natsuwa, don ita ce ke warware matsalar da ta fi yawa a kasuwarmu: kwayil mai kyau a motar da ba tasa ba.

A ido duk kwayil ɗaya ne. A mita kuwa kashi uku ne. Wanda aka yi don kwantak kai tsaye, naɗinsa na farko kusan ohm 3 ne. Wanda aka yi don ya tafi da razista, kusan ohm 1.5. Na motocin da ke da wutar lantarki ta zamani, marasa kwantak, galibi ƙasa da ohm 1. Lissafin ba wuya: raba volt 12 da ohm 3, amp 4 ke nan, abin da kwantak zai iya ɗauka. Raba 12 da 1.5, ka samu amp 8, ninki biyu. Idan kuwa aka ɗauko na ohm 0.7 daga wata motar Kwatano aka ɗaura wa 504, wutar da za ta nemi bi ta kwantak ta haura amp 15. Ranar farko direba zai yaba, ya ce motar ta samu wuta. Kafin mako kwantak ya ƙone, kwayil ya yi zafin da ba a iya taɓa shi.

Abin da ya sami direbanmu ke nan. Mai shagon bai sayar masa da jabu ba. Ya ba shi abin da ya yi kama da wanda ya zo da shi, shi ke nan.

Naɗi na biyu kuma ana auna shi daga ramin tsakiya zuwa ɗaya daga ƙafafun, kuma a irin waɗannan kwayil yakan faɗa tsakanin ohm 5,000 da 15,000. In mita ta nuna babu hanya sam, wayar ciki ta tsinke, ko da kuwa yana ba da wuta, domin wutar na tsallake tsinkewar ne a ciki tana ƙara cin wajen.

To amma ƙaramar mita mai rawayar riga da ta cika kasuwa tana da halinta. Wayoyinta kaɗai suna iya nuna rabin ohm. Wanda bai sani ba zai auna kwayil na ohm 1 ya ga 1.5, ya yanke hukunci a kan kuskure. Maganin shi ne a fara haɗa bakunan wayoyin biyu, a ga lambar da ta fito, a cire ta daga abin da aka auna. Batirin cikinta ma in ya yi sanyi, lambobin sukan kauce. Kuma idan inji na aiki, wutar fulogi na rikita masu arha, lambobi su yi ta tsalle. A irin wannan wajen tsohuwar mita mai allura ta fi natsuwa.

Akwai abin da mita ba za ta taɓa gani ba. Batirinta volt 9 ne ko ƙasa, alhali ciwon kwayil sau da yawa sai a dubban volt yake bayyana, lokacin da rufin wayoyin ciki ya tsage wuta ta riƙa satar hanya. Wani kuma sai ya yi zafi yake tsinkewa, ya huce ya haɗe. Don haka a auna shi da sanyi, a sake aunawa nan take bayan motar ta mutu. Tagulla na ƙara taurin kai ga wuta idan ta yi zafi, kusan kashi 4 cikin 100 a duk digiri 10, saboda haka ƙaramin hawa ba laifi ba ne. Ɓacewar lamba gaba ɗaya ko tsalle mai yawa shi ne alama. Ma'aunin tartsatsi ya biyo baya tun injin bai huce ba.

Kwandensa kuwa, ƙarfinta tsakanin mikrofarad 0.18 ne da 0.25, kuma mita mai ɗan tsada tana auna shi. Sai dai ita ma tana iya nuna lafiya a mita ta gaza a aiki. Tunda ba ta da tsada, hanya mafi sauri ita ce bakanike ya ajiye guda ɗaya da ya tabbatar da lafiyarta, ya ɗaura mata waya da maƙali, ya riƙa gwadawa da ita kafin ya tura kowa kasuwa.

Wani ƙaramin abu da ake yawan yi wa riƙon sakainar kashi: ƙafafun kwayil ba a juya su. A na Jamus za ka ga lamba 15 da lamba 1. 15 ce ke karɓar wuta daga makulli, 1 ke zuwa distiributa. A na Faransa an rubuta BAT da RUP. In aka juya, mota za ta tashi, amma fulogi zai nemi ƙarfi fiye da da, ta riƙa misin a hawa.

Na'urar da ta fi cancanta a tara mata kuɗi

Idan aka tambaye ni abu ɗaya da ya bambanta gareji mai gyara da gareji mai canje-canje, zan ce mitar da ke auna rufewar kwantak, wadda masu sayarwa ke kira dwel mita.

A inji mai silinda huɗu, sandar distiributa na da kusurwa huɗu, kowace silinda na da digiri 90 na zagaye. Daga cikin 90 ɗin, digirin da kwantak ya yi a rufe shi ne lokacin cin abincin kwayil. A Beetle ana son 44 zuwa 50. A 504 kusan 57 ne. Idan inji na juyi 3,000 a minti, ana harbi 100 a daƙiƙa guda, wato kwayil na da kusan kashi 6 cikin 1,000 na daƙiƙa ya cika cikinsa kafin a sake neman wuta. Bakin kwantak in ya yi faɗi, lokacin ya ragu, mota ta rasa wuta a gudu. In ya matse da yawa, kwantak ya riƙa ƙonewa, tayimin ya ja baya, mai ya tafi a banza.

Me ya sa fila geji bai isa ba? Saboda kwantak da ya yi aiki ba ya zama sumul. Gefe ɗaya yakan yi tsini, ɗayan ya yi rami, geji ya hau kan tsinin ya ba ka lambar ƙarya. Ita kuwa wannan mita tana aunawa ne inji na juyawa. Kuma tana tona wani asiri: idan ka taka totur ka ga allura ta kauce da digiri da yawa, sandar distiributa ta yi lako-lako. A motar da ta shekara 40 tana shan ƙurar hanyar Basirka, wannan ba abin mamaki ba ne, kuma ko kwayil goma aka canza ba zai gyaru ba.

Ba lallai a same ta ita kaɗai ba. Akwai mitocin da aka yi don motoci masu wannan ma'auni a ciki, tare da na juyin inji. Wasu kuma da kashi cikin 100 suke nunawa. Digiri 57 cikin 90 shi ne kashi 63.

Bayanta sai fitilar tayimin, mai walƙiya duk lokacin da fulogi na ɗaya ya harba, ta sa alamar da ke juyawa ta zama kamar a tsaye. Amfaninta a kan fitilar gwaji shi ne tana nuna ko tayimin na matsawa gaba idan an taka totur, kamar yadda ya kamata. A nemi mai maƙalawa a bayan waya, mai aiki da batirin mota, don ba kullum ake samun wutar gari ba. A tuna Peugeot daga ɓangaren giya take fara ƙirga silinda, ba daga gaban inji ba. Kuma tsari shi ne kwantak tukuna, sannan tayimin, domin duk taɓa kwantak na motsa tayimin.

Na'urar da ke zana hoton wuta a allo ta fi duk waɗannan gani. Amma ga garejin da ke karɓar akori-kura biyu ko uku a mako, kuɗinta da lokacin koyonta sun fi amfaninta. Wannan ra'ayina ne, kuma na san matasan da suka yi karatun lantarki a kwalejin kimiyya ta Dutse ko ta Kazaure za su iya musa mini.

Ba mota kaɗai ba

Wani zai ce, motocin da suka kusa ƙarewa ne za a kashe wa kuɗi? Amsar tana fadama. Injin ban ruwa da janareta da ke hannun manoman rani duk da kwayil suke aiki, kuma a nan ne ma ake saita kwayil ɗin kansa. Yana zaune ne kusa da ƙarfen da ke juyawa mai maganaɗisu, kuma tazarar da ke tsakaninsu a injinan Honda GX160 da ire-irensu kusan milimita 0.4 ce. Ta yi faɗi, wuta ta yi rauni. Ta matse, ƙarfe ya goge shi. Fila geji ɗaya, ma'aunin tartsatsi ɗaya, mita ɗaya, su ne dai.

Da yawa daga waɗannan injina kuma suna da na'urar da ke kashe wuta idan baƙin mai ya yi ƙasa. Manomi ya ja igiya har ya gaji, a duba a ga babu tartsatsi, a ce kwayil. Kafin a kwance komai, a duba baƙin mai, a ajiye injin a wuri mai daidai.

Ranar sayayya

Mafi yawan kanikawan wannan yanki Kano suke nufa, Ƙofar Ruwa don kayan mota, Sabon Gari don kayan lantarki. Tafiya ce ta sama da kilomita 100 daga Birnin Kudu, daga Fagam kuwa ta fi haka, don haka komawa a mayar da kaya ba ƙaramar asara ba ce.

Wanda zai sayi mita ya tafi da batir ɗin tocila sabo da kwayil ɗin da ya san lafiyarsa. Batir ya nuna kusan volt 1.5, ko ya ɗan haura. A haɗa wayoyi a ga lamba ta tsaya wuri guda ba ta rawa. A lanƙwasa wayoyin a ga ko lambar na canzawa, don wayoyi ne ke fara mutuwa. A tambayi ko ana samun fiyus ɗinta.

Wanda zai sayi kwayil kuma ya tafi da mitarsa, ya auna a gaban mai shago kafin ya biya, ya san tun daga gida ko motarsa na da razista ko babu. Razistar wani ɗan farin abu ne kamar alli, yawanci a ɗaure kusa da kwayil. A wasu motocin kuma a cikin waya take, sai an auna wutar da ke isowa ake ganewa.

Dattijon na Birnin Kudu, bayan ya mayar wa direban kwayil ɗinsa na farko ya saka sabuwar kwandensa da kwantak, ya ɗauki ƙusa ya karce lambar da ya auna a jikin kwayil ɗin da ya cire: 1.5. Ya ce wa direban ya adana shi, akwai motar da zai yi wa daidai. Na biyun kuwa, da aka auna shi da zafi, shi ne kaɗai ya tabbata matacce a cikin ukun.